Aron Baki

Laraba, bayan la'asar, a Aliero,
na kunna na'urar ofishin ƙungiyar manoman albasa,
sai ga wasiƙa daga Malam Ɗantani.

Malam Ɗantani da muka kai makwanci tsakiyar damina.
Ni na riƙe makara ta wajen ƙafafu.

"Duba wannan," in ji wasiƙar, da Turanci.
Shi da ba ya shiga magana sai ya gaida gida,
ya tambayi ruwa, ya tambayi gwiwar Inna Kulu,
can daga baya ya gangaro kan kuɗin taki.
Na san ba shi ba ne.
Duk da haka na zauna ina kallon sunan
har aka ɗauke wuta, fanka ta yi shiru.

Washegari Alhaji Bagudu ya tare ni bakin rudu:
"Sahabi, mi kat turo min cikin dare?
Na buɗe, ga na'urata ta haukace."
Na rantse ban taɓa ba.
Ya yi mini kallon da ake yi wa mai awo
ranar da tiya ta ƙanƙance.

Nafi'u mai gyara a Jega dariya ya yi:
"Tsutsa ce, Baba.
Ba ta wurinka, ba ta wurin mamaci.
Tana kwance a na'urar wani
da ya adana sunayenku gaba ɗaya.
Ta ɗauki na wannan ta liƙa a goshi,
ta je ta yi wa wancan sallama."

Mu da muka tsufa cikin albasa
mun san tsutsa:
lawashi kore shar, ciki ya zama ruwa.
Amma wadda za ta ari bakinka ta ci maka albasa,
ta bar ka da warin a gaban mutane,
wannan ban gaje ta a gonar ubana ba.

To, wane ne mai na'urar?
Mu arba'in da bakwai ne a littafi.
Yana cikinmu, muna haɗa sahu da shi,
wataƙila shi ya miƙo mini goro jiya.
Bai san da ita ba.
Laifinsa bai wuce
ya kasa goge sunan Ɗantani ba.

Nafi'u ya ce in share wasiƙar.
Na ce to.
Yau kwana tara ke nan.
Da safe nakan kunna, in ga sunan a sama,
in ce: Malam, gwiwar Inna da sauƙi,
ruwa kuma ya ɗauke.