Ɗaki Mai Taya Biyu

Kaka na wucewa nake ɗaure ɗakina a bayan tsohuwar mota,
in ja shi daga unguwar Zariya, in bi hanyar Ɗan Isa,
in sauke shi a Jiratawa, bakin garake,
inda injinan ban ruwa ke tari duk tsawon sanyi,
masu zogale su zo nemana da sassafe.

Wasu masu auna hanya ne suka bar shi,
na saye shi da ƙofar da ba ta kulluwa.
Tsawonsa taki biyar. Na auna.
Taki biyar, da gado, da risho, da akwatin sifana,
da ni, da karnuka biyu.

Bar-su ce babba, ja, kunnenta ɗaya a yage,
tana tafiya kamar wadda ke bin duniya bashi.
Zuba-ido ɗanta ne.
Bai gaji komai nata ba sai yawan ci.

Mun yi yarjejeniya tun ranar farko:
ƙarƙashin ɗaki nasu ne, tsakanin tayoyi,
na shimfiɗa musu buhunan albasa uku.
Buzuna yana rataye, butata tana kan ƙusa,
kwanonsu daban, nawa daban.

Amma akwai daren da ƙarfen nan ke zama ƙanƙara,
bango ya yi gumi, haƙora su kama gardama,
sai in ji Bar-su ta ɗora hanci a bakin ƙofa,
ba haushi, ba kuka,
numfashi kawai.
In ce, to, iyakarku katakon nan.
Kafin asuba katakon ya matsa da kansa.

Nomau mai tumatir ya leƙo ya gan su.
Ya ce, Mantau, mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare.
Na ce, Nomau, wannan ɗaki ne ko mota?
Ya duba tayoyin, ya duba gadon,
ya ce zai tambayi liman.
Sati uku ke nan.
Amma kullum ya zo, da ƙashi a aljihunsa.

Jiya Zuba-ido ya cinye robar famfon Ɗan Tani,
wadda na je har babbar kasuwa na samo.
Na ɗaga takalmi,
ya kwanta ya nuna mini cikinsa,
sai na ga kaska biyu a hammatarsa.
Da filayar aiki na cire su.
Faɗan bai yiwu ba.

Da dare in na ɗora shayi,
jelar uwar na dukan bango, kwam, kwam,
ɗakin duka ya amsa kamar tukunya.
In ɗaya ya yi susa, gadona ya girgiza,
fitila ta yi lilo,
in san ba ni kaɗai ba ne.

Zalika ɗiyata ta kira daga Tasawa:
Baba, da gidanka, da shekarunka,
me kake yi cikin gwangwani?
Ban gaya mata ba cewa tun da uwarta ta rasu
gidan can ya yi mini yawa,
in na yi tari, ɗakuna huɗu ne ke mayar mini.
Na ce mata aiki ne.
Aikin ne kuma, ban yi ƙarya ba.

Wata rana kusa, ruwan randa zai daina cizon hannu,
rufin nan ya fara gasa mu tun hantsi.
Ba na duba kalanda.
Bar-su ce za ta tashi, ta miƙe ƙafafu,
ta je ta zauna gefen mota,
tana kallona,
ɗan kuwa yana can cikin kabejin mutane,
sai na biya.