Almakashin Babana

A tsibirin Saremaa watan Maris ba ya cika alkawari:
da safe ƙanƙara, da azahar taɓo.
Na buɗe ɗakin kayan aikin babana, Arvo,
na tarar da almakashinsa rataye a ƙusa,
baki a rufe, da 'yar tsatsa,
kamar tun ranar da muka kai shi ya daina magana.

Kilematis biyu ya bar mini a jikin bangon kudu.
A wannan lokaci ba ka ganin komai sai ƙirare,
a bushe, a cukurkuɗe,
kamar gashin da ya shekara bai ga matsefi ba.
Ya rataya wa kowacce ɗan allo da sunanta,
amma ruwan shekara bakwai ya lashe rubutun.

Abu guda na riƙe daga bakinsa:
"Ki sauko da ita ƙasa da gwiwa, Liisi.
Ki nemi ido biyu masu ƙwari, ki datse a samansu.
Tausayi a nan ƙeta ne."

Sai na durƙusa a kan buhu.
Na datse ta dama, ƙas, ƙas.
Na juya na datse ta hagu.
Na tara tsibi har ƙuguna,
ina jin daɗin kaina, 'yar da ta gaji ubanta.

Helju, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan shinge,
da bokitin toka a hannu.
Ta daɗe tana kallo, ba ta ce uffan ba.
Can ta ce, "Ta hagun nan ba a taɓa ta yanzu.
A kan tsohon reshe take fure.
Watan Mayu ne kika zubar a tsibin nan."

Na karya reshe ɗaya in ƙaryata ta.
Cikinsa kore shar, har da danshi.
Ashe ba duk abin da ya yi shiru ne ya mutu ba.
Kukan da ya ƙi zuwa a maƙabarta
nan ya cim mini,
gwiwa a taɓo, almakashi a hannu.

Ba ta rarrashe ni ba.
Ta zagayo ta ƙofa da faffaɗan dutse biyu,
ta jera su a gindin kowacce.
"Kai a rana, ƙafa a inuwa, haka suke so.
Ubanki ma ya yi wannan ɓarnar,
shekarar da aka haife ki, barci bai ishe shi ba.
Amma ya iya shuka.
Ya binne wuyansu tafin hannu guda a ƙasa,
don ko sama ta ƙare, ƙasa ta san hanyar dawowa."

Mayu ya zo, bango tsirara.
Na zuba taki, na yi ban ruwa a gindi, ban jiƙa ganye ba.
Da dare na fita da tocila
ina tsince dodon koɗi daga sabon toho.
Na warware tsohuwar rigar sanyinsa,
da zarenta nake ɗaure yaɗon a jikin waya,
sako-sako,
don reshen mai saurin karyewa ne,
ba ya son a nuna masa hanya da ƙarfi.

A Yuli ta dama ta buɗe,
shunayya, kowane fure kamar tafin yaro.
Ƙudan zuma suka yi kasuwa a kanta.
Ta hagu ba ta ba ni ko ɗaya ba.
Hawa kawai take yi, ganye bayan ganye,
har ta kama tagar ɗakinsa.

Jiya na sassaƙa sabon allo biyu,
da wuƙa, ba da tawada ba.
Na dama na ce: a datse.
Na hagu na ce: a jira.