Zare Mai Kaki

Ni ban taɓa jefa ƙwallo a kwando ba.
Rumfata tana bakin jami'a a Dang,
tsakanin mai soya ƙwai da mai buga takardu.
Amma duk ƙafar da ke ƙungiyar nan
na san ta fiye da mai ita.

Hamajoda dunduniyar hagu yake cinyewa.
Jimet, ɗan Mundu, babban yatsansa ke huda gaba;
sau uku na toshe, sau uku ya leƙo gaisuwa.
Sali kuwa bashi yake ci,
ɗari biyar tun kafin azumi:
"Sai an biya mu, Baba."
Wa zai biya ku,
ku da ke haɗa kuɗin mota daga aljihunku?

Sai aka ce baƙi na tafe daga ƙetaren teku,
mutanen da ƙwallo ce gonarsu,
ita ce garkensu, ita ce tukunyar gidansu.
A teburin mai shayi gari ya rabu biyu.
Wani ya ce ƙwai zai je gaida dutse.
Wani ya ce ai kwandon nan
tsayinsa ɗaya ga mai albashi da mai bashi.
Ni dai na sayo zare mai kaki, ƙulli biyu,
na kwana ina ɗinki da fitilar waya.

Ranar, ruwan Gaundare ya ɗauke da la'asar
kamar an roƙe shi.
Jama'a na ɗaga kai suna auna tsayin baƙi,
ni ƙasa na duba:
takalman da allura ba ta taɓa sani ba,
suna tsuwwa a kan siminti kamar 'ya'yan ɓera.

Kafin in gyara zama, sha huɗu da babu.
Suna miƙa ƙwallo ba sa ko duban juna.
Namu da safe suka fito daga jarrabawa,
tawada ba ta bar yatsun Jimet ba.

Sannan minti shida suka zo.
Na ƙirga su, agogona ba ya ƙarya.
Hamajoda ya zare ƙwallo daga hannun dogonsu
kamar mai zare ƙaya.
Sali ya harba daga nesa, ta shiga.
Ya sake, ta sake shiga,
raga ta yi ajiyar zuciya.
Mai horar da baƙi ya miƙe, ya yar da tawul,
ya nemi a tsaya.
A tsaya! Saboda yaran da ke karin kumallo da ƙosai uku!
Na yi ihun da har yau maƙogwarona ke biya.

Daga nan suka sako mutum biyar sababbi fil,
ko gumi babu a goshinsu.
Mu mutum biyu ne a benci,
ɗaya da gwiwa a ɗaure.
Casa'in da bakwai da hamsin da ɗaya.
Ba sai na ce wa ke da wanne ba.

Da aka tashi, dogon nan ya cire takalmansa
ya miƙa wa Jimet.
Washegari ga shi a rumfata:
"Baba, a rage mini."
Lamba hamsin, ƙafa arba'in da uku.
Na juya, na juya.
Na ce, yaro, ni tsawon rai nake ƙara wa takalmi,
ban iya rage masa girma ba.
Muka cusa soso da tsohuwar takardar darasi,
ya tafi yana ja kamar kwalekwale biyu.

Har yanzu ana musu a wajen mai shayi,
ko za su iya, ko ba za su iya ba.
In an tambaye ni sai in ce:
ku ba su nama, da likita, da barcin safe,
sannan ku dawo mu yi magana.
Abin da na sani,
minti arba'in aka yi ana gudu
ɗinkina ko ɗaya bai saki ba.

Sali kuma bai kawo ɗari biyar ɗin ba.