Tabarau na Kwalin Dabino

A bayan rumfar tsirena, nan Karantina ta Jidda,
inda hayaƙi ke bin bango kamar mai bin bashi,
Nawafu, ɗan autana, ya ƙera abin mamaki.

Shekara guda yana yi mini waƙar tabarau ɗin nan
da in ka ɗaura a fuska sai ka faɗa cikin wasa tsundum.
Muka je kanti. Mai kanti ya faɗi kuɗi,
na auna a zuci: tsinken tsire ɗari biyar da ɗoriya.
Na ce, "Kama hannuna mu fita,
kafin su ce mu biya sanyin da muka sha."

Bai yi kuka ba.
Yaron nan in ya yi shiru, ƙulli yake yi.
Ran Juma'a da la'asar ya ja ni Haraj,
kasuwar da kowane kaya ya taɓa zama na wani.
Ya tono kwamfuta daga ƙarƙashin matattun fankoki,
baƙa, mai tari in an kunna ta,
riyal ɗari da hamsin, bayan mun yi fushin ƙarya sau uku.
Gilashi biyu na masu gyaran agogo, biyar biyar.

Sauran duk a gida ya yi farautarsu:
kwalin dabinon da muka cinye da azumi,
robar tsohon wandonsa na ƙwallo,
soson wanke-wanke don kada karan hanci ya ji jiki,
da wayar uwarsa mai tsagaggiyar fuska,
wadda ta ce aro ce, aro, a rubuta a ajiye.
Igiya daga wayar zuwa kwamfuta,
manhajar kyauta mai yankewa bayan minti goma,
kwana uku yana sulhu tsakaninsu
kamar mai sasanta 'yan gado.

Daren da ta kama, yaran layi suka yi jerin gwano.
Ɗan Yamal, ɗan Habasha, 'ya'yan Barmo direba,
kowa ya sa sai ya kai wa iska naushi,
ya cire yana tangaɗi, ya koma ƙarshen layi.
Ina juya nama ina dariya:
kwali ne fa, jama'a, kwali!

Sai Nawafu ya ce, "Baba, zo."

Ƙamshin dabino na fara ji, sannan duhu,
sannan ga ni a kan siririn katako
tsakanin benaye biyu, motoci a ƙasa kamar ƙwayar gero.
Tsagar wayar ta ratsa sararin sama
kamar walƙiyar da ta ƙi wucewa.
Na san siminti ne ƙarƙashin silifas ɗina,
ni na biya kuɗin shafe shi,
amma gwiwa ba ta jin lissafi.
Ni da na shekara talatin a bakin garwashi ban ja baya ba,
na durƙusa ina laluben bango,
hannuna ya faɗa kwanon yaji.

Ina tsaka da salati sai sama ta hau rawa,
ta yi ƙara a kan goshina,
suna ya bayyana ɓaro-ɓaro a cikin gajimare:
Yaya Kande, Mai Wurno.

Uwarsa ta fito da ludayi a hannu,
ta zare duniyar daga fuskata,
ta kara ta a kunne: "Lafiya lau, ya ruwa?"

Tsinke tara ne suka ƙone a daren.
Na ce wa yaron asara ce, kuma wasan banza ne.
Jibi za mu koma Haraj.
An ce akwai mai tsofaffin wayoyi ta ƙofar gabas,
kuma katakon nan saura taku huɗu in ƙetare.