Gidan Majemi

Kakana Arzika majemi ne.
Gidansa na ƙarshen gari, gabas da Kware,
inda iska ke kwashe wari ta kai fadamar Rima.
Ba a yawan yi masa sallama.
Ko mai neman fata daga nesa yake tsayawa,
gefen rawani a hanci.

Wata ranar bazara wani baƙo ya iso a kan keke,
tayar baya cushe da tsumma,
ya nemi wurin kwana, gida uku suka ce babu.
Kaka ya shimfiɗa masa buzu.
Da dare baƙon ya ce:
ka san wani masunci da aka aika duniya da bishara
a gidan majemi ya sauka, a bakin teku?
Kaka ya yi dariya har da tari.
"Ashe warin nan ya daɗe yana karɓar baƙi."

Daga nan ne.

Ban ga farkon ba, ni ƙarshen na tarar:
tsoho mai faratai baƙaƙe da ruwan bagaruwa,
yana ƙirga mini su da yatsu
kamar abokan da suka yi farauta tare.
Mai ɗinkin tanti, wanda aka zurara ta bayan ganuwa a cikin kwando.
Saurayin da aka jefe,
yana roƙa wa masu jifan gafara.
Waɗanda suka rera yabo da tsakar dare, ƙafa a turu.
"Ba su da doki, Tabita, ba su da takobi.
Ƙafa da baki, su kaɗai sunka mallaka,
sai wasiƙu da anka rubuta cikin kurkuku."

Shi ma ya sha nasa, daidai awonsa.
Dukawa suka daina sayen fatarsa.
Aka cire gugarsa daga bakin rijiya.
Ƙanensa ya raba akushi,
ya gina katanga a tsakar gidan ubansu.
Wata kaka rumbunsa ya kama wuta
a daren da ko ƙyas babu iska.
Da safe ya tsaya a kan gero mai hayaƙi,
ya ɗebi toka cike da ƙwarya:
"Aƙalla ba mu sayen toka bana."
Ya tafi majema.

Na taɓa tambayarsa ko bai ji tsoro ba.
Ya ce kullum.
Ya ce masuncin ma ya ji, har ya rantse sau uku bai san Maigidansa ba,
zakara ya tona shi.
"Amma an sake kiran shi.
Fata ba ta zama jaka sai ta kwana cikin toka,
ta sha kartaji, ta sha bugu,
sannan karan dafi ya ba ta ja.
Ni ban ce ina son toka ba."

Akwai abin da ba zan ɓoye ba.
Shekara bakwai, kafin asalatu,
ana ajiye tulu biyu a ƙofarmu.
Malam Nomau ne, ladanin unguwa.
Bai taɓa faɗa ba, Kaka bai taɓa godiya a fili ba.
Ranar da muka kai shi makwanci, mu tara ne,
na goman ya zo da magirbi, ya naɗe hannun riga,
bai ce amin ba, bai kuma tafi ba sai da aka rufe.

Yanzu ina Sakkwato, ina ɗinki a Tsohuwar Kasuwa.
Ran Lahadi nakan rataya jakar da ya jeme,
jan ya koma ruwan ƙasa, maɗaurin na uku ke nan.
In na buɗe ta, har yau
akwai ɗan warin nan a can ƙasa.
Ba na wanke shi.