Abin da Sikeli Bai Sani Ba

Kafin asuba babana Tadros kan gangara birni
da buhu a doron baya, ya bi benaye hawa-hawa
yana kwashe abin da Alƙahira ta ci ta rage.
Ya dawo Mukattam rana na tsakar ka,
mu zube kayan a ƙofar ɗaki, mu zauna tsinta:
roba gefe, kwalba gefe, ɓawon lemo na aladu,
jan ƙarfe kuwa sai aljihu, don shi ne sarki.

Ran Asabar Fanus mai sikeli ke zuwa.
Ba ya amsa gaisuwa sai allura ta tsaya.
A wurinsa na koya, ban cika shekara bakwai ba,
kowane abu da nauyinsa, kowane nauyi da kuɗinsa,
wanda bai motsa allura ba, a kai shi wuta.

Wata rana na ɗare kan sikelin da ƙafa biyu,
na ce, "Baba Fanus, ni nawa?"
Ya yi dariya har haƙorin zinarensa ya leƙo:
"Kilo sha tara. Ba mai saye."
Na taya shi dariya. Da dare na jiƙa filo.

Na girma. A motar haya
mata kan janye mayafinsu in na zauna,
hanci ya riga baki sanin unguwarmu.
Na saba. Sabulu ba ya wanke suna.

Shekarar da babana ya faɗo daga hawa na shida
ƙugu ya ƙi, buhu ya koma bayan ƙanena Abanub.
Wata tara yana ƙirga tsagar rufi.
Ya ce, "Demiana, yau ni ne tarkacen gidan nan.
Jakin da ba ya ɗaukar kaya, hatsin wa yake ci?"
Na rasa ta cewa. Ni ɗiyar sikeli ce.

Wata Lahadi muka ciccibe shi a kujera, mu huɗu,
muka haura cocin da aka sassaƙa a cikin dutse.
Daga ɓangaren mata na hango layin maza,
kowa ƙafa ba takalmi:
wani likita da ya zo daga Zamalek yana ƙamshi,
Fanus da kansa,
sai babana, kai a ƙasa.
Firist ya gutsuro gurasa ya sa a bakin likita,
ya gutsuro ya sa wa Fanus,
sannan ya sunkuya.
Wannan sunkuyawar ce ta zauna mini.
Ya sa wa babana daidai gwargwadon na kowa,
bai tambaye shi buhu nawa ya kawo bana ba.

A gangare babana ya kama wuyan hannuna,
ya danna ɗan shuɗin gicciyen nan da babban yatsa.
"Kina tsumman goyo aka yi miki wannan.
Me kika tsinta a lokacin? Me kika sayar?
Kuka kawai kika iya, sai ɓata zanin uwarki.
Aka ce ke ta Almasihu ce, magana ta ƙare."
Sai ya yi tsit,
kamar wanda ya ji zancen daga bakin wani,
ya juya nasa hannun a hankali yana dubawa.
Nasa ya koɗe, jijiya ta ratsa shi,
amma yana nan.

Bai sake tafiya ba har muka rufe shi.
Bai kuma sake kiran kansa tarkace ba.

Yau ɗan Fanus ke zuwa, sikelinsa mai lantarki.
Ina ɗora masa roba, in karɓi kuɗina, in ƙirga,
ba na yafe ko sisi.
Amma ni ba na hawa.
Lada ake aunawa, alheri ba a auna shi.
Wanda ya saye ni bai jira allura ta tsaya ba,
ya biya da jininsa tun ba ni da nauyi,
ya ɗauke ni da warin unguwarmu a jikina,
bai ko janye rigarsa ba.