Ƙarƙashin Gidan Baba

Nuwamba ya shigo Manitoba
da haƙoransa a waje.
Na zura rigar aikin Baba, wadda ta yi mini yawa,
na yi rub da ciki na kutsa ƙarƙashin gida,
tocila a baki, naɗin waya a hammata.

Baba Orest na bakin ramin, zaune kan bokiti,
gwiwoyinsa sun daɗe da ajiye aiki.
Da safe ya kira ni da sunan ƙanwarsa
da ta rasu tun ba a haife ni ba.
Amma bututu? Bututu bai manta ba.

"Goge shi tukuna, ya bushe!
Fara daga inda ya ɓullo daga ƙasa,
nan sanyi ke fara cizo."
Na goge. Tagulla ta kama mini yatsu.

"Kar ki bar wayar ta hau 'yar'uwarta,
in sun haɗu gobara za su haifa.
Bi da ita kamar mai ɗorin karaya,
ba matsi, ba sako-sako."

Duk taƙi ɗaya na ɗaure da tef.
Ma'aunin zafi na manna shi jikin ƙarfe
a kusurwar arewa, inda iska ke shigowa ba sallama,
sannan na lulluɓe komai da soso.
Gizo-gizo ya yi mini ɗankwali.

Shekarar da ya yi sakaci, ya sha ba mu labari,
ruwa ya kumbura cikin dare, ya tsaga gwiwar bututu.
Mama Lesya ta narka dusar ƙanƙara a tukunya
kwana goma sha ɗaya, ba ta ce masa uffan ba.
Shirun nan, in ji shi, ya fi sanyin cizo.

Na fito da baya-baya, na soka filogi.
Wata 'yar fitila ja, kamar ƙwayar barkono,
ta buɗe ido.

Sai wani daren Janairu, ƙarfe uku,
talatin da takwas ƙasa da sifili.
Katakon gida na ta ƙara shi kaɗai.
Na ji takunsa a kicin, ba silifa.
Ya murɗa famfo. Shiru. Tari ɗaya.
Sai ruwa.

Ya tara hannu ya sha,
ya juyo yana goge gemu.
"Halyna," ya ce,
"wa ya koya miki?"